Kafin Ka Zuba Kuɗi a Amfilifaya, San Abin da Ke Gyara Sauti

Duk wanda ya shiga shagon kayan sauti da niyyar sayen babbar amfilifaya, abu biyu mai shago zai fara nuna masa: yawan wat da aka rubuta a jikin kwali, da nauyin akwatin. "Alhaji, ɗaga ka ji," in ji shi. Nauyin yana da abin da yake faɗa, za mu zo kansa. Wat ɗin kuwa, babu lambar da ta kai shi yaudarar mai saye. Maganata a nan kan amfilifayar ɗaki ce, wadda ake zama a saurara a natse, ba ta gidan biki ko filin taro ba. Aikinta ɗaya ne tak: ta karɓi siginar da ba ta wuce bolt ɗaya ko biyu ba daga na'urar da ke gabanta, ta ƙara mata ƙarfi har ta iya tura lasifika gaba da baya, ba tare da ta sa nata a ciki ba. To, me ke sa wata ta iya wannan aikin wata ta gaza?

Amsar tana farawa ne daga lasifika. Mutane da yawa sukan sayi amfilifaya tukuna sannan su nemo mata lasifika, alhali lasifikar ce ke faɗin abin da take buƙata. A takardar bayanin kowace lasifika ta kirki akwai lambar da ke nuna yawan ƙarar da take fitarwa in aka ba ta wat 1, aka auna daga nisan mita 1. Da desibel ake rubuta ta. Yawancin lasifikun ɗaki suna tsakanin 84 da 90. 'Yar ƙaramar LS3/5a da BBC ta tsara a shekarun 1970 tana wajen 83. Klipschorn kuwa, wadda Paul Klipsch ya fara ƙerawa a 1946 a garin Hope na jihar Arkansas a Amurka, ta haura 100. Tazarar wajen desibel 20 ke nan, kuma a lissafin wuta desibel 20 ninki ɗari ne. Ƙarar da wat 1 zai tayar a Klipschorn sai wat 100 zai tayar da ita a LS3/5a, ita kuwa ba a ma gina ta don ɗaukar hakan ba.

Riƙe wannan lissafin, don zai cece ka daga ɓarnar kuɗi. In ka ninka wat sau biyu, desibel 3 kacal ka ƙara, ƙarin da kunne zai ji amma ba zai girgiza kowa ba. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka, sai an ƙara wajen desibel 10, wato an ninka wat sau goma. Saboda haka tsakanin amfilifaya mai wat 100 da mai wat 130 babu abin da ya kai a yi ciniki a kansa. Bambancin bai kai desibel ɗaya da rabi ba.

Ɗauki lasifika mai desibel 87, kana zaune nisan mita 3 daga gare ta. Nisa zai cinye wani abu, bango da lasifika ta biyu su mayar da wani abu, ka tashi da wajen desibel 82 ko 83 a kujerarka da wat 1 kawai. Wannan ƙara ce da sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka sosai. Ashe ke nan yawancin sauraron da muke yi a ɗaki bai kai wat 1 ba. To ina amfanin sauran? Amfaninsu yana wajen duka. Kiɗan da aka ɗauka da kyau ba a shimfiɗe yake ba: bugun ganga ko kalangu kan yi tsalle desibel 15 zuwa 20 sama da matsakaicin sautin, na ɗan ƙiftawar ido. Mai sauraro da rabin wat, in irin wannan bugun ya zo, wat 50 ake nema nan take. Mai sauraro da wat 1, ɗari ake nema.

In amfilifaya ba ta da shi, sai ta ƙure. Ba za ta iya fitar da bolt fiye da wanda ke cikinta ba, don haka sai ta datse kan siginar, sautin ya fashe. Idan abin ya yi yawa kowa zai ji. Idan kaɗan ne, a kan bugu ɗaya-ɗaya, ba za ka ce ya fashe ba, sai dai ka ji kiɗan ya yi kaushi, ya cunkushe, kunnenka ya gaji da wuri. A ganina, kaso mai yawa na abin da ake cewa "wannan ta fi waccan daɗi" ba komai ba ne illa bambancin wadda ta ƙure da wadda ba ta ƙure ba. Kuma amfilifayar da ake tilasta wa aiki a ƙure tana cikin manyan masu ƙona tiwita, 'yar ƙaramar lasifikar nan ta sama mai fitar da siririn amo.

Lambar PMPO da ake mannawa a jikin kayan falo, wat 3,000 ko 5,000, ka wuce ta kamar ba ka gani ba. Juya bayan akwatin ka duba yawan wutar da yake ja daga bango. Abin da ke jan wat 60 ba zai ci gaba da ba lasifika wat 3,000 ba, ko wane ne ya ƙera shi. Irin wannan ƙaryar ce ta sa hukumar kula da ciniki ta Amurka, FTC, ta kafa doka a 1974 cewa dole a faɗi wat ɗin da amfilifaya za ta iya bayarwa a ɗore, tare da sharuɗɗan awon. Kamfanin da ke girmama mai saye haka zai rubuta: wat kaza a kowane ɓangare, ɓangarorin biyu suna aiki tare, a om 8, daga haz 20 zuwa 20,000, gurɓacewa ba ta wuce kaza ba. In aka ɓoye ɗaya daga cikin waɗannan, da walakin.

Akwai wani abu da ya fi wat muhimmanci, amma ba kasafai ake maganarsa a shago ba. Om 8 ɗin da aka rubuta a bayan lasifika suna ne kawai. Turjiyar da take yi wa wuta tana hawa tana sauka gwargwadon amon da ake bugawa: a wani wuri cikin bes ta kai om 30 ko 40, a wani wuri ta faɗo om 3, wasu ma ƙasa da haka. Duk inda turjiya ta sauka, lasifika na neman ƙarin amfiya, wato yawan wutar da ke gudana. Wat 100 a om 8 yana nufin wajen bolt 28 da amfiya 3.5. In turjiya ta koma om 4, bolt 28 ɗin nan sai da amfiya 7. A om 2, amfiya 14. Amfilifayar da ba ta da wannan ƙwarin, ko dai bolt ɗinta ya zube, ko na'urar kariyarta ta shiga tsakani, sai ka ji bes ya yi laushi, bugu ya rasa kaifi. A shekarun 1980 kamfanin Apogee ya fitar da lasifikar Scintilla mai turjiyar om 1. Amfilifayoyi da dama sun kasa tura ta. Na Krell, kamfanin da Dan D'Agostino ya kafa a 1980, suna cikin ƙalilan da suka iya, kuma hakan ya taimaka wajen fito da sunansu.

Don haka nemi lambar om 4. Amfilifayar da ke ba da 100 a om 8 kuma ta ba da 160 zuwa 200 a om 4 tana da ƙashi. Wadda ta tsaya a 110, ko aka rubuta a bayanta kada a haɗa ta da lasifikar da ta gaza om 8, a bar ta ga lasifika mai sauƙin kai. Sai dai a yi hattara da wayo ɗaya: wasu kamfanoni kan rage lambar om 8 da gangan don a ga kamar ta ninka cif a om 4. Akwai kuma masu tsari na daban, irin manyan amfilifayoyin McIntosh na Binghamton a jihar New York, da ke da taransifoma a bakin fita, wadda ke sa su ba da wat iri ɗaya a om 2, 4 da 8. Wannan ba rauni ba ne, haka aka tsara su.

Ƙwarin nan daga ma'ajiyar wuta yake fitowa, wato taransifoma da manyan kafasitocin da ke gefenta. Wutar bango ba a miƙe take zuwa ba. Sau 100 a daƙiƙa take cika kafasitocin, a tsakanin cikawa da cikawa kuwa daga abin da aka tara amfilifaya ke ci, kamar gidan da ke ci daga rumbu tsakanin kaka da kaka. Ƙaramin rumbu ba ya kai gida ga baɗi. A nan ne gaskiyar mai shago take: babbar taransifoma da faffaɗan ƙarfen sanyaya tiransistoci suna da nauyi. Amma a leƙa ciki a ga inda nauyin yake. Fuskar alminiyam mai kaurin yatsa tana ƙara kilo da farashi, ba ta ƙara amfiya ko ɗaya. Sannan akwai sabon tsarin ma'ajiyar wuta mara nauyi, dangin wanda ke cikin cajar kwamfuta amma na ƙwarai. Benchmark AHB2, da ta fito a 2014, ba ta kai kilo 6 ba, tana ba da wat 100 a om 8, kuma tana cikin mafi tsabtar amfilifayoyin da aka taɓa aunawa.

Yanzu ga wurin da amfilifayoyi ke bambanta a kunne da gaske, ko da babu wadda ta ƙure. Kowace amfilifaya tana da 'yar turjiya tata a bakin fita. A ta tiransisto mai kyau ba ta wuce om 0.05 ko kusa da haka ba. A ta bawul, kwalaben nan masu haske irin na tsofaffin rediyoyi, tana iya kai om 1, 2 ko 3. Ga abin da hakan ke haifarwa. Haɗa amfilifaya mai om 2 da lasifikar da turjiyarta ke yawo tsakanin om 4 da om 30. Inda lasifika take om 4, kashi biyu cikin uku na bolt ɗin ne ke isa gare ta. Inda take om 30, kusan duka ne ke isa. Tsakanin wuraren biyu akwai desibel 3, tamkar an murɗa maɓallin bes ko na tirebul a ɓoye. Da amfilifaya mai om 0.05, tazarar desibel 0.1 ce, wadda babu mai ji. Babban kaso na "ɗumi" da "zaƙi" da ake yaba wa bawul daga nan yake, shi ya sa amfilifayar bawul ɗaya za ta yi daɗi da wannan lasifikar ta yi dum-dum da waccan.

Ban ce son hakan laifi ba ne. Bawul ɗin 300B da Western Electric ta fitar a 1938, guda ɗaya wajen wat 8 yake bayarwa, kuma har yau akwai masu kashe dukiya a kansa. In aka haɗa shi da lasifika mai desibel 95 zuwa sama, muryar mutum kan fito da wani irin armashi. Abin da nake so kawai shi ne mai saye ya san launi yake saye, ba gaskiyar abin da aka ɗauka ba, kuma kada ya biya sai ya ji ta da lasifikarsa.

Kishiyar turjiyar nan ita ce lambar da ake kira damfin fakto, wadda ake samu in an raba 8 da turjiyar bakin fita. Za ka ga ana alfahari da 1,000 ko 4,000. Wayar lasifika mai kaurin murabba'in milimita 2.5, tsawon mita 3, zuwa da dawowa tana da wajen om 0.04. Ita kaɗai ta mayar da 1,000 ɗin nan ƙasa da 200. Da zarar lambar ta haura 100, abin da ya rage talla ne. Tun da mun taɓo waya: jan ƙarfe na gaske, mai kauri, gajere, ɗaure da kyau, ya wadatar. Abin tsoro a kasuwarmu shi ne wayar alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a baya. Kankare ta da wuƙa, in ciki fari ne ka ajiye.

Akwai labarai biyu daga Amurka da ya kamata mai shirin kashe miliyoyi ya sani. A 1985 injiniya Bob Carver ya ƙalubalanci mujallar Stereophile: su zaɓi duk amfilifayar da suka ga dama, shi zai gyara tasa mai araha ta yi sauti ɗaya da ita. Suka zaɓi wata ta bawul mai tsadar gaske. Ya je Santa Fe, ya ba amfilifayoyin biyu sigina ɗaya, ya haɗa su ta yadda bambancin da ke tsakaninsu kaɗai zai fito, ya yi ta gyaran tasa har bambancin ya kusa ɓacewa. J. Gordon Holt da Larry Archibald, manyan mujallar, suka saurara suka amince ba su iya rabewa. A 1987 kuma mujallar Stereo Review ta buga gwajin da David Clark ya shirya, inda masu sauraro ba su ganin wadda ke aiki, aka gwada amfilifayoyi daga wata Pioneer da ba ta kai dala 250 ba har zuwa ta bawul mai dala 12,000. Sakamakon bai fi na mai canki-canka ba. An soki tsarin gwajin, kuma har gobe ana gardama a kansa. Ni abin da na ɗauka daga labaran biyu ba wai duk amfilifayoyi ɗaya suke ba. Shi ne cewa bambancin da kunne ke ji yana da dalili a wuta, wanda mita ke iya kamawa. In an daidaita ƙara, babu wadda ta ƙure, turjiyar bakin fita kuma ƙarama ce, abin da ya saura ɗan kaɗan ne.

Batun gurɓacewar sauti ba zan daɗe a kansa ba, don an fi ƙarfinsa tuntuni. Tsakanin kashi 0.01 da 0.001 cikin ɗari babu abin da kunne zai tsinta, ga shi lasifikar kanta takan gurɓata bes da kashi 1 ko fiye. Abin lura shi ne irin gurɓacewar da kuma inda take. Wadda ke ƙara amo mai ninki biyu na asali tana sajewa da kiɗan. Mai ninki bakwai ko tara kuwa, ko kaɗan ce, tana da kaushi. Mafi muni ita ce wadda ke faruwa a daidai inda tiransiston turawa ke miƙa aiki ga na jawowa, domin ta fi fitowa a ƙaramar ƙara, inda muka ce nan ake yawancin sauraro. Saboda haka in ka samu awon wata mujalla mai zaman kanta, duba yadda amfilifayar take a wat 1, ba a ƙarshen ƙarfinta kaɗai ba.

Haka nan kada tallan "babu fidbak" ya ruɗe ka. Dabarar mayar da ɗan abin da ya fita zuwa mashiga don amfilifaya ta gyara kuskurenta, Harold Black na Bell Labs ne ya gano ta a 1927. A shekarun 1970 Matti Otala na ƙasar Finlan ya nuna cewa amfilifaya mai nawa, in aka lafta mata fidbak, tana iya tuntuɓe a kan sauti mai saurin tashi. Injiniyoyi sun gyara nawar, amma tsoron ya zauna a bakin 'yan talla. Yau akwai amfilifayoyi masu kyau da fidbak kaɗan, irin na Nelson Pass, akwai kuma masu kyau da fidbak mai yawan gaske, irin na Bruno Putzeys ɗan ƙasar Beljiyam.

Maganar aji, A ko AB ko D, a ƙasashen sanyi gardamar ɗanɗano ce. A wurinmu maganar zufa ce da kuɗin wuta. Ajin A yana barin tiransistoci a kunne gaba ɗaya ko ana kiɗa ko ba a yi, shi ya sa ba shi da matsalar miƙa aikin nan. Amma mai wat 30 zuwa 50 a kowane ɓangare tana iya shan wat 200 zuwa 300 ba tsayawa, kusan dukkansa ya koma zafi a ɗakinka. Yi tunanin haka a Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40. Mai sola kuma ya yi lissafi: wat 300 na awa 4 ya cinye rabin batir mai 200Ah na bolt 12, wato duk abin da ya kamata a ja daga batirin dalma in ana son ya yi ƙarko. Ajin AB shi ne tsaka-tsaki, kuma mai kyau a cikinsa ba ta da abin kunya. Ajin D yana kunna wuta yana kashewa sau dubban ɗaruruwa a daƙiƙa, wajen kashi 90 cikin ɗari na wutar da ya ja yana isa lasifika. Na farko-farkonsa sun yi ƙaurin suna don siririn amonsu yana canzawa da kowace lasifika, kuma masu arahar cikinsu har yanzu haka suke. Tsare-tsaren da Putzeys ya yi, UcD da Ncore na Hypex a Holan, da Eigentakt na Purifi a Denmak, sun kawar da wannan aibin, har kamfanoni irin NAD suna sa su a manyan kayansu. Ga mai zama a ƙasa mai zafi da ƙarancin wuta, nan zan fara dubawa.

Gwajin shiru ba ya buƙatar ko kwabo. Kunna komai, kada ka sa kiɗa, kai kunnenka kusa da tiwita. Ɗan "shii" da ke ɓacewa in ka ja baya taku ɗaya ba matsala ba ne. Wanda ke biyo ka har kujera matsala ne, kuma lasifika mai desibel da yawa ta fi tona shi. Gurnani mai kauri kuwa yawanci ba laifin amfilifaya ba ne; na'urori ne aka jona a soket daban-daban, ko wayar dish ta shigo da shi ta dikoda. A jona komai a wuri ɗaya, a cire wayoyi ɗaya bayan ɗaya har a gano mai laifin, in kayan suna da mashigar XLR mai ƙafa uku a yi amfani da ita. Kada a kuskura a karya ƙafar fulogi ta uku don a kashe gurnani. Ita ce ke tsakaninka da jan wuta ranar da wani abu ya lalace a ciki.

Sai wutar NEPA, wadda masu rubutu a Turai ba su sa ta a lissafi. An gina amfilifayarka da zaton bolt 230. A irin mai babbar taransifoma, ƙarfin da za ta bayar yana sauka kusan ninki biyu na yadda bolt ɗin bango ya sauka: in wuta ta sauko 180, mai wat 100 ta koma ta wat 60 da 'yan kai. Da yamma, lokacin da unguwa duka ta kunna kaya, sai ka ji sautin da ya yi daɗi da safe ya soma fashewa, ka zargi amfilifaya alhali ba ta da laifi. Sitabilaiza mai moto, wadda ke daidaita wuta a hankali, ta fi mai ƙas-ƙas ɗin nan da ke tsalle daga mataki zuwa mataki, kuma a sayi wadda ƙarfinta ya ninka abin da amfilifaya ke ja. Inbata dole ta zama mai fitar da wuta mai santsi irin ta bango. Mai arahar nan tana sa taransifoma kuka da zafi. Ƙaramin janareta kuwa, wutarsa kan yi sama duk lokacin da aka kashe wani babban kaya, don haka ban ba da shawarar jona kaya masu tsada kai tsaye a jikinsa ba. In an ɗauke wuta, kashe amfilifaya, in an dawo da ita jira 'yan mintoci. Ita ce ta ƙarshe a kunnawa, ta farko a kashewa. Hadari ya taso da walƙiya, zare fulogi daga bango. Kayan Amurka na bolt 120 ne, na cikin gidan Japan na bolt 100; ba sa shiga soket ɗinmu sai da taransifomar rage wuta mai isasshen ƙarfi, kuma wadda aka naɗa don haz 60 takan fi ɗaukar zafi a haz 50 namu. Kuɗin da wani zai ce ka sa a wayar wuta ta musamman, kai su ga mai wayarin ya kafa maka wayar ƙasa ta gaske.

Zafi shi ne ke tsufar da amfilifaya. Ƙa'idar da masu ƙera kafasita ke bi ita ce duk ƙarin digiri 10 yana raba rayuwarta biyu. Kada a kulle ta a kabad ɗin gilashi, kada a ɗora mata dikoda a ka, a bar mata sararin taƙi guda a sama. Ƙyallen da uwargida ke rufa wa kaya saboda ƙura yana da amfani, amma sai an kashe ta ta huce. Bayan hunturu a kai wa mai gyara ya hure ƙurar da ta toshe ƙarfen sanyayawa.

Da yawa daga cikinmu ta hannu za mu saya, a Alaba ta Legas ko Sabon Gari ta Kano, kuma akwai alheri a ciki in an duba. Je da mitar masu gyara. A kunna amfilifayar babu kiɗa babu lasifika, a bar ta minti goma, a auna tsayayyar wuta a bakin da ake ɗaura wayar lasifika. Ƙasa da milibolt 50 lafiya lau. In ta haura 100, akwai gyara a gaba. A buɗe murfi, amma mai gyara ne zai sa hannu, don manyan kafasitoci suna riƙe wuta bayan an kashe. Duba ko akwai kafasitar da kanta ya kumbura ko ta yi yoyo, ko tabon ƙuna a allo, ko fis da aka maye da zaren waya. Ɓangarorin biyu su yi ɗumi iri ɗaya. Tiransistocin fita su zama iri ɗaya a hagu da dama. In an taɓa canza su ka yi tambaya, don jabun 2SC5200 da 2SA1943 na Toshiba sun cika kasuwa, kuma jabu yakan yi aiki lafiya a ƙaramar ƙara, ya mutu ranar da aka buɗe masa wuta, wani lokaci ya tafi da lasifika.

In ka zo gwada biyu da kunne, ka sani wadda ta fi ƙara da ɗan kaɗan ita za ta yi nasara, ko da desibel ɗaya ne. Ba za ka ji ta a matsayin mai ƙara ba, za ka ji kamar ta fi buɗewa da cika. Masu shago sun san haka. Magani shi ne ka sa amo guda na haz 400 daga wayarka, ka auna bolt a bayan lasifika, ka daidaita amfilifayoyin biyu har lambobin su zo ɗaya ko su saɓa da kashi 1 cikin ɗari. Lasifika ɗaya, kujera ɗaya, wani ya riƙa canzawa kai ba ka gani. Sa abin da kunnenka ya haddace. Tsofaffin kasakasan Shata ko Ɗan Maraya Jos na jin daɗi ne, ba na gwaji ba, don yawancin kwafin da ke yawo an gurɓata su tun kafin su iso gare ka. Nemi ɗauka mai tsabta: muryar mutum ita kaɗai, ganga mai kaifin bugu, da wani abu mai tsirkiya, irin faifan In the Heart of the Moon da Ali Farka Touré da Toumani Diabaté suka fitar a 2005. Saurara a ƙarar da ka saba, sannan ka ɗaga har inda ba za ka taɓa wucewa a gida ba.

Kuma a ɗakinka ya kamata a yi gwajin in mai kaya zai yarda, don ɗakin ya fi amfilifaya tasiri nesa ba kusa ba. Falo mai tayil da bangon siminti tsirara yana mayar da sauti ta ko'ina. Ɗaki mai tsawon mita 4 yana kumbura amon da ke wajen haz 43, har a samu tazarar desibel 10 tsakanin wannan kujera da waccan. Kafet mai kauri, labule, da jawo lasifika rabin mita daga bango za su canza abin da kake ji fiye da sauya amfilifaya mai kyau da wata mai kyau.

In an yi duk wannan ka kasa rabe biyun, ɗauki mai sauƙin kuɗi, amma ka yi tambaya ɗaya kafin ka biya: in ta lalace wa zai gyara? Tsohuwar ajin AB mai tiransistoci a fili, gwanin mai gyaran rediyo zai iya tashinta muddin ya samu kayan asali. Ajin D na zamani kuwa allo guda ake cirewa a sa wani, kuma daga waje ake odarsa. Tambayi mai sayarwa kuɗin allon da tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya iso, ya rubuta maka a rasit.